Ire-Iren Ladabi da Sunayensu: Duba ga Littafin "Mutumin Kirki"

A cikin shekara ta 1974 Jami'ar Indiyana ta ƙasar Amurka ta buga wani ɗan littafi da Turanci, amma sunansa da Hausa ne, watau "Mutumin Kirki". Wanda ya wallafa shi wani Bature ne mutumin Ingila, sunansa Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin Di'o a lardin Adamawa, daga baya kuma ya koyar a makarantar koyon aikin mulki ta Zariya. Shi ne kuma ya tara karin magana 500 a cikin littafin nan "Hausa Ba Dabo Ba Ne" a 1966. Asalin littafin lacca ce ya yi, sa'an nan aka buga ta. Abin da ya nufa shi ne ya bayyana wa mutanen waje irin halayen da Bahaushe ke dubawa kafin ya ce wane mutumin kirki ne. Ya lissafa halaye 10, su ne gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci.

Lalle a yaba masa, gama ya yi zama da mutane, ya kasa kunne ga maganarsu, bai zaɓi ko ɗaya daga cikin kalmomin nan da ka ba. Duk dattijon da aka karanta wa jerin nan zai gyaɗa kai ya ce haka ne. Har yanzu ma masu nazarin halin Hausawa a jami'o'i daga gare shi su kan fara. To, amma littafin da a ke komawa gare shi haka shi ya fi cancanta a auna, domin in akwai giɓi a cikinsa, giɓin zai bi duk wanda ya kwafa daga gare shi. Giɓin da za a duba a nan ya shafi sha'anin ladabi ne kaɗai.

In mai karatu ya sake duban halayen nan 10, zai ga huɗu daga cikinsu, watau karamci, kunya, ladabi da mutunci, duk game da yadda mutum ke ɗaukar ɗan'uwansa ne a fuska da baki. Wannan ya nuna girman al'amarin wurin Hausawa. Sai dai jeri yana da wani aibi, shi ne ya kan sa a zaci kowace kalma ɗaki guda ce mai ƙofa guda. Alhali kuwa ladabi unguwa ne, gidajensa da yawa, kowane gida da sunansa. Akwai wanda ƙarami ke yi wa babba, akwai wanda tsara ke yi wa tsara, akwai wanda babba ke yi wa ƙarami, akwai na baƙo, akwai na cikin gida. Bayan waɗannan duka kuma akwai na jabu, wanda ya yi kama da na gaske ƙwarai har ya kan ruɗi masu hankali.

Kalmar ladabi daga Larabci ta fito, daga al-adab. Tushen nan shi ne ya haifi ladabtarwa, watau horo, shi ne kuma ya haifi adabi, sunan da a ke kiran rubutun hikima da shi yanzu. A bakin Bahaushe ladabi ya fi karkata ga abin da na ƙasa ke yi wa na sama: yaro ya rusuna ko ya durƙusa in zai gai da mahaifinsa, ya tuɓe takalmi a ƙofar zauren malaminsa, ya karɓi abu da hannu biyu, kada ya ƙura wa babba ido, kada ya riga shi sa hannu a akushi, kada ya katse masa magana. Kowane matsayi kuma da irin kalmarsa. A ce wa sarki ranka ya daɗe ko Allah ya ba ka nasara, a ce wa malami Allah gafarta malam, a ce wa sa'an uba baba, sa'ar uwa inna ko gwaggo. Wanda ya sauya waɗannan, ya ba malami ta sarki, ko ya kira sa'an ubansa da sunansa gatsal, an ce bai san ya kamata ba.

An saba haɗa ladabi da biyayya kamar tagwaye. A zamanin En'e, kafin a rushe ta a kafa ƙananan hukumomi a 1976, da wuya a ga takardar da ta tashi daga hannun dagaci zuwa hakimi, ko daga hakimi zuwa fada, ba a fara ta da gaisuwa da ladabi da biyayya ba. Yawan haɗa su ya sa waɗansu sun ɗauka abu ɗaya ne, amma ba haka ba ne. Biyayya daga bi ta fito, watau aikata abin da aka umurta. Ladabi kuwa shi ne kyautata yadda a ke magana da yadda a ke tsayawa. Bara ya kan yi biyayya yana gunaguni, ya aikata abin da aka ce amma fuska a murtuke; wannan ya bi, bai yi ladabi ba. Alƙali kuma ya kan durƙusa gaban sarki, ya yi gaisuwa cikakkiya, sa'an nan ya ce shari'a ba ta yarda da abin da a ke so ba. Wannan ya yi ladabi, bai bi ba, kuma shi ne mutumin kirki a cikin su biyun. Kalmar ɗa'a ma ta nuna yadda abubuwan nan biyu suka cuɗe, gama a Larabci ma'anarta bin umurni ne, amma da ta shigo Hausa sai ta koma nufin kyawun hali da natsuwa.

Babban abin da jerin Kirk-Greene ya rasa shi ne kara da kawaici, su ne kuwa ladabin da ke tsakanin tsara da tsara, inda babu mai durƙusa wa wani. Kara ita ce mutum ya bar abin da ya ke da haƙƙin yi don ganin idon wani. Mai bin bashi ya tafi karɓar kuɗinsa, ya tarad da baƙi a zauren wanda a ke bi, sai ya gaisa ya tashi bai ambaci kome ba. Mahauci ya ga maƙwabcinsa ya zo da kuɗin da ba su kai ba, sai ya yanka masa ya ce a kawo sauran in an samu. Wannan ita ce kara. Kawaici kuwa shi ne mutum ya gani ya yi kamar bai gani ba, ya ji ya yi kamar bai ji ba. Uwar miji ta ji surukarta ta ƙona tuwo, ta ci ba ta tanka ba. Aboki ya gane rigar da ke jikin abokinsa ta aro ce, sai ya yaba ɗinkin ya yi shiru. Bambancinsu shi ne kara tana hana hannu karɓa, kawaici yana hana baki faɗa. Ana iya cewa haƙuri ya rufe su duka biyu, amma haƙuri jure abin da ba a da iko a kansa ne, su kuwa waɗannan ana yin su ne da ikon a hannu. Bahaushe in ya ce wane ba shi da kara, ya zarge shi da abin da ya fi rashin haƙuri muni.

Kunya tana cikin jerin, amma ita ma rassanta da yawa. Akwai kunyar aikata abin assha, ita ce hadisi ya ce yanki ce ta imani. Akwai kuma kunya ta dangantaka, wadda ba laifi ne ke kawo ta ba. Wanda ke son ganin wannan a fili sai ya duba littafin Baba ta Karo, labarin wata tsohuwa Bahaushiya wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a London a 1954. A can a ke ganin yadda uwa ke kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi gaban mutane, sau da yawa ma sai a ba wani daga cikin dangi riƙonsa. Haka mace ba ta kama sunan mijinta, sai ta ce maigida ko malam. Suruki ba ya cin abinci gaban surukinsa. In an sa wa yaro sunan kakansa sai a sakaya, a riƙa ce masa Abba ko Baba, domin kada sunan tsoho ya zama abin kira a tsakar gida. Wannan ɓoye so da a ke yi, mutum ya ƙi yabon nasa gaban jama'a, ya goyi bayan ɗan wani in sun yi faɗa da ɗansa, shi a ke kira alkunya. In kuwa abin ya kai mutum ya ƙi abinci alhali yana jin yunwa, sai a ce yana fulako, domin Filani aka sani da wannan hali, su kuma suna ƙidaya shi cikin abin da su ke kira pulaku. Littafin Baba bai tsaya fassara kalmomi ba, amma ya fi lacca nuna yadda kunya ke aiki, gama yawancinta a cikin gida ta ke, inda baƙo namiji ba ya shiga.

Akwai wani iri kuma da baƙo zai ɗauka rashin kunya ne, alhali shi ma ƙa'ida ce. Jika ya kan ce wa kakarsa matata, ya zolaye ta da tsufa. Taubasai, watau ɗan mace da ɗan namiji, su kan yi wa juna ba'a. Bafilatani da Babarbare in sun haɗu kowa ya ce ɗayan bawansa ne, haka Kanawa da Zagezagi, haka Gobirawa da Yarbawa. A nan wanda ya ɗaure fuska ya yi gaisuwar girma shi ne ya yi laifi, domin ya nuna ya yanke zumunci. Hukumar UNESCO ta sa wasan dangi na ƙasar Nijar cikin abubuwan gadon 'yan Adam a 2014. Wannan ya isa ya nuna cewa ladabin Bahaushe bai tsaya ga sunkuyar da kai ba. Ainihinsa shi ne a ba kowa irin fuskar da dangantaka ta ajiye masa.

Game da baƙo, karamci shi ne a ba shi masauki da ruwa da abinci, a taka masa in zai tafi. Amma an ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, saboda haka aka ware fara'a da sunanta, aka ware haba-haba, watau rawar jiki wajen tarbar mutum. Ana samun mai karamci marar fara'a, ya cika maka akushi amma ka ci a takure. Tayi ma yana da dokarsa: mai ci ya ce bisimilla, mai wucewa ya ce alhamdu lillahi, kowa ya san ba a nufin ya zauna, amma wanda ya ci bai yi tayi ba an ce marowaci ne.

Mutunci shi ne wurin da jerin ya fi yin daidai, gama shi ne ladabin da ke gangarowa daga sama. Daga mutum kalmar ta fito. Mutunta mutum shi ne a ɗauke shi mutum, ko da talaka ne, ko da bara ne, ko da shi ne mai laifi. Maigidan da ya ja yaronsa gefe ya yi masa faɗa, bai tsinka shi gaban abokansa ba, ya kiyaye mutuncinsa. Hakimin da ya amsa gaisuwar manomi da sunansa, ya tambaye shi iyali da damina, ya mutunta shi. In babba ya haɗa wannan da riƙe baki da ƙin shiga abin da zai zub da girmansa, sai a ce yana da dattako. An ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, amma an fi faɗa wa yara wannan magana, alhali manya ta fi dacewa da su, tun da su ne masu tsawon. Yawan sunayen da Hausa ta ba kishiyar mutunci ya nuna yadda a ke jin zafin rashinsa: wulakanci, cin mutunci, cin fuska, cin zarafi, tozartawa, shan ƙamshi, gadara. Na yaro ga babba kuwa su ne fitsara, tsiwa, tsaurin ido, raini da rashin ta-ido.

Giɓi na biyu shi ne littafin da ya tsaya ga halayen kirki ba ya koya wa mutum gane jabu. Ga fadanci, watau yabon mai iko da goyon bayan duk abin da ya faɗa don a sami shiga. Ga bambaɗanci, ga daɗin baki, ga ganin ido, ga yaƙe, watau dariyar da ba ta kai ciki ba. Ga wanda a ke ce wa Musa a baki Fir'auna a zuci. Dukansu da tufafin ladabi su ke yawo, durƙusonsu ma ya kan fi na mai gaskiya zurfi. Malaman jihadi sun lura da wannan tun da wuri. A cikin Kitabul Farƙi, wanda a ke danganawa ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda kuma Mervyn Hiskett ya buga da fassarar Turanci a 1960, an lissafa zuba ƙasa a ka wajen gai da sarki, watau afi, cikin al'adun mulkin da aka ƙi. A cikinsa kuma an ambaci abin da a ke kai wa masu mulki da sunan gaisuwa. Mai karatu ya duba wannan da kyau: kalmar da ta fi kowace tsabta a cikin sha'anin ladabi ita ce aka ara aka lulluɓe toshiyar baki da ita. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajirai ke karantawa a zaure, tana da babi a kan sallama da neman izinin shiga gida, a can kuma an faɗa cewa Imamu Malik ya karhanta sumbatar hannu. Ashe tun a littattafan farko an yi wa girmamawa iyaka.

Wanda ya fi kowa rarrabe na gaske da na jabu a rubuce shi ne Alhaji Abubakar Imam, a cikin "Magana Jari Ce", wanda ya fara fitowa daga Zariya a 1937. Bai yi jeri ba, sai ya ajiye halitta biyu a fada ɗaya. Ga Waziri, wanda bai rage kome daga cikin alamun biyayya gaban Sarki Abdurrahman ba, amma yana ƙulla makirci da abokan gaba don ya sami sarauta. Ga kuma aku, wanda ya ke so ya hana Musa ɗan sarki fita zuwa inda za a hallaka shi. Aku ba shi da ikon ba ɗan sarki umurni, in ma ya tare shi da a'a ƙiri-ƙiri sai ya ƙara tunzura shi. Sai ya riƙa riƙe shi da labari dare bayan dare har uban ya komo. Wannan shi ne ladabi mafi wuya, watau a hana babba abin da zai cuce shi ba tare da an zub da girmansa ba. Duk da haka akwai abin cewa game da Imam, gama akun nasa ma da zaƙin baki ya ci sarautar waziri, yaron da ya karanta ba tare da mai nuna masa ba yana iya fita da zaton cewa iya magana gaban sarki shi ne dukan al'amarin. Abin da ya raba aku da Waziri amana ce, ita kuwa ba a ganinta a durƙuso.

Wani zai ce mene ne amfanin wannan rarrabewa duka, tun da kowa ya san ladabi in ya gan shi. Amfaninta shi ne abin da ba a san sunansa ba ba a neman sa. In yaro ya tashi bai ji kome ba sai ladabi da biyayya, zai ɗauka abin bashi ne da na ƙasa kaɗai ke biya. Ran da ya zama babba sai ya zauna yana jiran a biya shi, bai san akwai mutunci da dattako a wuyansa ba. In kuma aka cuce shi yana ƙarami, ba shi da hanyar da zai faɗi gaskiya sai ya zaɓi ɗaya cikin biyu, ko fadanci ko fitsara. An ga wannan bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, sa'ad da masu sarauta da yawa suka ɗauki ƙorafin talakawa rashin kunya ne, waɗansu samari kuma suka ɗauka ba a neman haƙƙi sai an zagi dattijo. Da an riƙe bambancin ladabi da biyayya, da kowane gefe ya gane ana iya rusunawa a ce ba a yarda ba.

Haka kunya da kara, in ba a san iyakarsu ba su kan zama cuta. Majinyaci ya kan ɓoye wa likita ainihin ciwonsa don kunya har abin ya gagara. Mutum ya kan tsaya wa wanda bai yarda da shi ba lamuni don kara, gidansa ya tafi. Shaida ya kan yi kawaici gaban alƙali, a danne haƙƙin maraya. Mutanen da sun san haka, shi ya sa suka ce ana barin halas don kunya, suka kuma ƙara da cewa kunyar marar kunya asara ce. Maganar farko yabo ce, ta biyu gargaɗi, mai hankali shi ne ya san wadda ta dace da wurin da ya ke tsaye.

Hukuncin da za a yanke wa "Mutumin Kirki" shi ne littafi ne mai kyau wanda ya buɗe ƙofa, amma bai zagaya gidan ba, kuma da ma lacca guda ba ta isa ta zagaya ba. Laifin da ya rage na masu harshen ne. Ƙamus na Bargery ya fito tun 1934, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ya fito a 2006, amma aikin ƙamus shi ne ya ba kowace kalma layinta, ba ya ajiye kara kusa da kawaici ya ce ga inda suka rabu. Wannan aiki yana jiran malaman makaranta da masu wallafa littattafan yara, su rubuta shi da Hausa, su kawo misalai daga kasuwa da zaure da tsakar gida, su tambayi tsofaffin mata gama su ne ma'ajin rabinsa. In aka koya wa yaro yadda zai gai da babba, a koya masa kuma a darasin nan yadda zai amsa gaisuwar ƙarami ran da girma ya zo masa. Allah ya sa a dace, amin.